An Rubuta Amsa Kafin a Tambaye Mu

Shafi na 19

Masu turo mini saƙo cewa na bar Suwaibatu tsaye a shagon buga takardu har kwana huɗu, ku yi haƙuri, sabis ne ya ɗauke mana. Ga ta nan ta fito.

*

Rana ta take tsaka lokacin da Suwaibatu ta baro shagon. Littafinta na hammata, takarda guda kuma a naɗe cikin hijabi, ta damƙe ta har gumin hannunta ya jiƙa gefenta.

Masu babur biyu suka yi mata magana, ba ta ko waiga ba. Da ƙafa ta ratsa bayan tashar Kankara.

Mako uku ta yi tana yawo da littafin nan. Sheme, Daudawa, Sabuwa, da ƙauyukan da mota ba ta shiga sai babur. Jam'iyya ce ta aike ta, a matsayinta na shugabar mata ta shiyya, ta jiyo ra'ayin mata kan sulhun da ake shirin yi da 'yan bindigar daji. Duk zauren da ta zauna magana guda ta ji: a yi sulhu, amma sai sun aje bindiga, sai kuma sun maido mutanen da ke hannunsu. Wadda ta faɗa ta dangwala yatsa. Gobe a taron Faskari za ta miƙe ta isar da saƙonsu.

Yau ta je a yi mata kwafin littafin, sai ta tarar da tulin takardu masu tambarin jam'iyyarta, ɗauke da kwanan watan gobe. Wai bayan sauraron jama'a a Faskari, al'umma sun amince da sulhu ba tare da wani sharaɗi ba.

A ƙasa sa hannu uku. Na ukun da sunanta.

Sallama ɗaya ta yi ta ɗaga labulen ofishin jam'iyya.

Alhaji Mamuda na zaune bisa darduma ya jingina da teburi, ƙwaryar fura gabansa, mutum biyu na taya shi hira. Shi ne ciyaman na shiyya, kuma aminin marigayi mijinta Malam Mani tun suna samari. Kallo ɗaya ya yi mata ya aje ludayi.

"Ku ɗan ba mu wuri," ya ce da mutanen.

Suka fita suna gaishe ta. Ta amsa, amma ba ta ji abin da suka ce ba.

"Hajiya Suwaiba, cikin wannan rana? Zauna ki sha ruwa."

"Na gode, Alhaji. Ba zama ya kawo ni ba."

Ta warware takardar ta shimfiɗa ta kusa da ƙwaryar.

"Taron Faskari yaushe ne?"

"Gobe mana. Ƙarfe goma."

"To ga sakamakonsa ya riga shi fitowa."

Alhaji Mamuda ya dubi takardar, bai taɓa ta ba. Ya ce, "Wa ya ba ki?"

"Ba wanda ya ba ni. Allah ne ya kai idona."

"Da kin zauna dai."

"Alhaji, mako uku. Akwai ranar da muka bi hanyar Sabuwa, mai babur ɗin da ya ɗauke ni shina ta karanta addu'a har muka isa, don ko tsuntsu ba mu gani ba. Na shiga gidajen da ba sauran namiji babba a ciki. Na ce masu jam'iyya ta aiko ni, tana son jin ta bakinsu. Ashe an gama rubuta amsa kafin a tambaye mu?"

Ya shafa gemunsa.

"Ko ni ba ni na rubuta ta ba. Daga sama ta zo ta waya. Aka ce in buga, in tara mutane, a ɗauki hoto."

"To don mi kuka aike ni?"

"Don a ce an tambaya."

Yadda ya faɗe ta a sauƙaƙe, kamar mai ba da labarin hadari, shi ya fi yi mata ciwo. Da ya musa, da ta samu abin faɗa da shi.

Sai a lokacin ta zauna bakin benci.

"Lokacin zaɓe," ta ce, "kai ka hau bayan mota a Sabuwa da lasifika. Ka ce in muka ci, ba sulhu sai an aje makamai an maido mana mutanenmu. Ina tsaye ina jinka."

"Na faɗa. Kuma ranar har zuciyata na faɗa."

"Da maganar nan na bi gida gida. Matan da ba su fi wata guda da fita takaba ba na fiddo su suka bi layi. Ba atamfa na kai masu ba, ba omo ba. Maganarka na kai masu."

"Hajiya, ki fahimci wani abu. Jam'iyya kamar motar haya take. Ranar zaɓe a cika ta da mutane, amma sitiyari hannun mutum ɗaya yake."

"Ko motar haya, Alhaji, fasinja ke faɗin inda za shi."

Ya yi ɗan murmushin da bai kai ido ba.

"To ji nawa. Mutanen daji sun ce ba su aje bindiga, iyakacinta su daina harbi. In muka kafe a kan sharaɗi, maganar ta watse. Ruwa ya kusa sauka. Bana ma ba wanda zai shiga gona, shekara ta uku ke nan. Kin je Daudawa kin ga rumbuna da idonki. Yunwa ita ma kisa take yi, shiru dai take yin nata."

"Ban ce ƙarya kake ba."

"To mi kike so?"

"Ku faɗa wa mutane haka. Ku miƙe gobe ku ce, mun ji abin da kuka ce, amma ba mu iya ba, ga dalili. Wanda zai zage ku ya zage ku. Amma kada ku ɗauki abin da ba su faɗa ba ku sa masu a baki."

"In muka faɗi haka, wa zai ƙara zaɓenmu?"

"Ashe kun san ba shi suke so ba."

Alhaji Mamuda ya janyo faifai ya rufe furar.

Daga masallacin layi aka fara kiran Azahar. Duk suka yi shiru har ladan ya ida.

Suwaibatu ta sunkuya ta ɗora yatsa a ƙasan takardar.

"Saura ɗaya. Wanga sa hannu nawa ne, har 'yar lanƙwasar da nake yi a ƙarshe. Ni kuwa ban sa ba. Wa ya sa mini?"

Ya kau da kai wajen taga.

"Wannan ba ni zan amsa miki ba."

"Kai ne ciyaman."

"Na cikin gida zai amsa miki." Ya ɗaga murya kaɗan. "Salahu, fito. Ta riga ta gani."

Ƙofar ɗakin ciki ta buɗe a hankali.

Salahuddeen ne. Ɗanta, magidanci mai mata da ɗiya guda, wanda ita da kanta ta roƙi Alhaji ya ɗauke shi sakataren ofis bayan sun baro ƙauye. Shi ya koya mata sa hannu da biro, a tsakar gida, bayan ta gama ajin yaƙi da jahilci.

Alhaji Mamuda ya miƙe ya zura takalma.

"Ni na tafi masallaci," ya ce. Bakin ƙofa ya tsaya kamar zai ƙara wani abu, sai ya fasa ya fita.

Salahuddeen ya durƙusa nesa da ita, kansa ƙasa.

"Inna."

"Kai ne?"

"Ni ne."

"Ɗago ka dube ni."

Ya ɗago. Idanunsa sun yi ja, sun faɗa, kamar wanda ya kwana biyu ba barci. Sai yanzu ta tuna rabon da ya zo ya ci tuwo ɗakinta an fi mako.

"Mi suka yi maka alkawari? Kansila?"

"Wallahi ba kujera ba ce."

"Ubanka a cikin gonarsa suka harbe shi, fartanya na hannunsa. Kai ka ɗauko shi a amalanke. Yau kai za ka sa mini hannu in ce na yarda su ci gaba da riƙe bindigar?"

"Inna, Hamida na da rai."

Fankar sama na juyawa tana ƙara. Waje wani mai rake na ta kiran ciniki. Suwaibatu ta ji su duka sarai, maganar ɗanta ce kawai ta ƙi shiga.

"Mi ka ce?"

"Tana da rai."

Hamida ƙanwarsa ce, autarta. Ranar da aka kashe Malam Mani ita ta kai masa abinci gona, aka tafi da ita. Bayan wata biyar wata mata da ta kuɓuto ta ce zazzaɓi ya kashe ta a daji, ta ga lokacin da aka fita da ita. Aka yi zaman makoki, aka yi sadaka. Suwaibatu ta raba kayanta da hannunta, ta bar ɗankwali ɗaya.

"Kada ka yi mini wasa da matattu, Salahu."

"Na ji muryarta. Kwana goma sha biyu ke nan. Masu shiga tsakani suka kira Alhaji, ya miƙo mini wayar. Ta ce, Yaya Salahu, ina Inna? Ta tambayi ko matata ta sauka, don da cikin ta bar ta. Ita ce, Inna. Wadda aka fitar ranar wata ce daban."

Suwaibatu ta dafa bencin da hannu biyu.

Ta so ta yi hamdala, bakinta ya motsa, sauti bai fito ba. Hawaye ma ba su zo ba. Abin da ya zo mata shi ne hoton Hamida tana ɗaure kwanon tuwo cikin tsumma, tana cewa Inna yau miyar ta yi gishiri.

"Tana ina?"

"Hannunsu. Sun ce in an yi taron gobe lafiya, za su sako ta ranar Juma'a a bakin dajin Sabuwa. Amma manya sun ce dole ke ce za ki karanta takardar da bakinki."

"Don mi sai ni?"

"Sun ce in matar Malam Mani ta ce ta yarda, ba macen da za ta miƙe ta ce a'a."

Ta jinjina kai a hankali. Wato an auna ta tsaf, an san nauyinta, an san kuma inda za a kama ta.

"Sauran ɗiyan mutane fa?"

Ya sadda kai ƙasa.

"Da kai nake."

"Ba a yi maganarsu ba. Alhaji ya ce wataƙila daga baya, in hankali ya kwanta."

"Wataƙila."

"Inna, ni ba shugaban kowa ba ne. Ƙanwata nake so ta dawo."

"Kwana goma sha biyu," ta ce. "Kana kallona ina hawa babur ina bin ƙauyuka. Kai kake cika mini kwalbar tawada. Ka san ɗiyata na numfashi, ka bar ni ina yi mata addu'ar mamata bayan kowace salla."

"Na ji tsoro."

"Tsoron mi?"

"In na faɗa miki ki ce ba ki yarda ba. Na san halinki. Na ce bari in sa hannun, in ya so gobe da safe Alhaji ya gaya miki, lokacin ba sauran damar tunani."

Ta daɗe tana kallonsa. Kamanninsa ɗaya da ubansa, har yadda yake murza yatsu in ya rasa abin cewa. Ta so ta yi masa faɗa, ta so kuma ta janyo kansa ta rungume. Ba ta yi ko ɗaya ba.

"Da ka tambaye ni," ta ce. "Ko kai ma ka koyi na jam'iyya? Ka rubuta mini amsa kafin ka tambaye ni?"

"Ki yafe mini."

"Ni kaina ban san abin da zan ce maka ba, da ka tambaya. Amma da ka bar ni na sani."

Ta miƙe ta ɗauki littafinta. Takardar ma ta naɗe ta mayar cikin hijabi.

"Mutanen daji sun ce za su kira ki bayan La'asar," ya ce da sauri. "Alhaji ya ba su lambarki, don ki ji da kunnenki. Bari in raka ki gida."

"Yi zamanka. Je ka yi salla."

*

Ɗakinta ɗaya ne a gidan haya, can ƙarshen zaure na biyu. Katifa, buta, akwatin ƙarfe, da risho. A ƙauye tana da ɗaki uku da turken awaki, da bishiyar ɗorawa a bayan gida. Nan ko ƙofa ta buɗe bangon wani take gani.

Ta yi Azahar a makare. Ta zauna bisa darduma ba ta tashi ba.

Wa za ta faɗa wa?

Yayarta na Funtuwa, kuma in ta ji za ta ce karanta mana, mi ya haɗa ki da ɗiyan wasu. Matan jam'iyya in suka ji, kafin Magariba labari ya kai Sheme. Malamin unguwa ba ta saba da shi ba. Mutum ɗaya ne ta saba kai wa irin wannan magana, ya saurara yana gyaran ƙotar fartanya, sai ta gama tsaf ya ce, to ke mi zuciyarki ta ce? Shi kuwa damina biyu ke nan yana kwance a maƙabartar garin da ba mai iya zuwa ziyara.

Ta janyo littafin ta buɗe.

Shafi bayan shafi, yatsu shuɗaye. Wasu manya, wasu ƙanana, wasu duk sun goge saboda kaushin aiki. Ta san mai kowane. Ga na wata tsohuwa a Daudawa, Inna Khadijatu, da ta dangwala sau biyu. Da Suwaibatu ta ce mata sau ɗaya ake yi, sai ta ce, na biyun na surukata ne, tana daji, in ta dawo ta goge in ba ta yarda ba.

Ta rufe littafin.

Ta buɗe akwati ta ciro ɗankwalin Hamida. Ƙamshinta ya daɗe da barinsa, sai warin kafur. Duk da haka ta kai shi hanci.

Wata maƙwabciyarta, ita ma gudun hijira ya kawo ta daga wajen Faskari, ta leƙo ta labule da tsintsiya a hannu.

"Hajiya, an dawo? Gobe tun da safe za mu fita, mun haɗa mota mu takwas. Ko ba a ba mu kujera ba mu tsaya baya. Mu dai mu ji kin faɗa masu."

"Allah ya kai mu," in ji Suwaibatu.

"Lafiya kuwa? Na ga idonki."

"Rana ce."

Matar ta saki labulen ta tafi tana 'yar waƙarta.

Aka kira La'asar. Ta tashi ta yi. A sujadar ƙarshe ta daɗe, don ta rasa yadda za ta jera roƙon. Shekara biyu tana cewa Allah ya jiƙan Hamida. Yau harshenta ya fara da hakan, sai ta katse.

Ta aje wayar gabanta bisa darduma ta zuba mata ido.

Inuwa ta haye bangon gaba. Yara suka dawo daga Islamiyya suka cika tsakar gida da hayaniya, aka kore su, gida ya sake yin tsit.

Ta ɗauko takardar jam'iyya ta gwada karanta layin farko a hankali, don ta ji yadda zai zauna a bakinta. Bayan sauraron ra'ayin jama'a. Ta kai nan ta tsaya. Ta sake gwadawa, ta wuce har wajen ba tare da wani sharaɗi ba. Ya fita. Ashe bakinta zai iya. Wannan ya ba ta tsoro fiye da komai.

Wayar ta ɗauki ruri.

Baƙuwar lamba.

Sai da ta kusa katsewa sannan ta ɗauka.

"Salamu alaikum."

"Hajiya ce?" Muryar namiji ce, ba gaggawa a cikinta. Bayansa iska na kaɗawa, da kukan shanu can nesa.

"Ni ce."

"To ga ɗiyarki. Za ta faɗa miki abin da za ki yi gobe. Kada ki ja ta da surutu."

Aka yi ɗan motsi. Numfashi.

"Inna."

Suwaibatu ta toshe bakinta da ɗankwalin. Muryar ta shaƙe, ta yi kauri, ta girmi mai ita. Amma ko cikin mata dubu za ta gane ta.

"Auta. Auta, ke ce?"

"Ni ce, Inna. Kina lafiya? Ƙafar taki fa?"

"Ta warke. Ke fa? Suna ba ki abinci?"

"Ana ba mu."

Daga gefe namijin ya ce, "Faɗi abin da aka ce ki faɗa."

"Inna, an ce in ce miki ki karanta takardar gobe. In kin karanta, ranar Juma'a zan dawo gida."

"Na ji, Auta. Zan..."

"Inna."

Muryar ta canza. Ta yi ƙasa, ta yi sauri, kalmomin na hawa kan juna.

"Kada ki karanta. Mu goma sha ɗaya ne a nan, har da masu goyo. Ni kaɗai za su saki, sauran kuwa, sun ce daga an sa hannu za a wuce da su can cikin..."

Wani abu ya bugi wayar. Ta ji faɗuwarta ƙasa, ta ji namijin ya daka tsawa, ta ji wata mace da ba Hamida ba ta fasa kuka.

"Auta? Hamida?"

Layin ya ɗauke.

Ta danna lambar ta kira.

A kashe take.